Isam ɗin da Mama Linda ke Kaiwa Gida

Duk wanda ya yi cefane a Garki a shekarun da farar hula suka karɓi mulki, kuɗi ya fara yawo a Abuja kamar ba zai ƙare ba, da wuya bai taɓa jin muryar Angela ba, ko da bai san fuskarta ba. Mama Linda ake ce mata, da sunan 'yarta tilo. Gajeriya ce, kakkaura, mai zafin kai, irin matan nan da ke fara faɗa tun kafin su gama gaisuwa. Teburinta na can ƙarshen layin masu busasshen kifi, kuma abin da take sayarwa ko sunansa ba a sani ba a garinsu.

Isam ake ce masa. Wata 'yar katantanwa ce baƙa, mai dogon ƙoƙo mai tsini, tsayinta bai wuce ɗan yatsa ba. Tana rayuwa ne cikin taɓon bakin teku a can kudu, inda ruwan gishiri ke haɗuwa da na kogi, kuma mutanen can ba sa yarda miya ta cika in babu ita. Ita kuwa Angela a Uke aka haife ta, a bakin titin Keffi, ruwa mafi girma da ta taɓa gani da idonta shi ne tafkin Jabi. Tumatir take sayarwa tun mijinta Zacharias na direba a wata ma'aikata. Bayan ya rasu ne wata maƙwabciyarta 'yar kudu, da za ta koma gida, ta bar mata teburinta, ta kuma haɗa ta da ƙanwarta Lucy, wadda ke tsintar isam a can bakin teku tana aikowa a buhu.

Ta shigo sana'ar a kan gaba. Lokacin ne garin ya cika da sababbin manya daga kowace kusurwa, kowa da matarsa da kukunsa da kwaɗayin miyar garinsu. Ana ta gine-gine, ana ta sayen motoci, wanda jiya ke hawa acaɓa yau yana da direba. Angela ba ta samu mota ba, amma ta samu suna. An san isam ɗinta da rai yake.

Sunan nan kuwa ba a banza ta same shi ba. Isam halitta ce mai taurin rai, za ta yi makonni a busasshen wuri ba ta mutu ba, muddin an san yadda ake riƙe ta. Kowace safiya Angela kan juye su cikin babban baho, ta yayyafa musu ruwa mai ɗan gishiri, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. In kwastoma ya zo sai ta yaye buhun ta ƙwanƙwasa bahon da wuƙa, nan take za ka ga duk sun ja jiki sun rufe ƙofarsu. Sannan ta auna, ta daddatse musu wutsiya don mai ci ya ji daɗin zuƙo naman daga ƙoƙo. Dokarta ɗaya ce, ba ta taɓa karya ta ba: matacce ba ya barin teburinta zuwa tukunyar wani. Shara yake tafiya.

Akwai kuma na tsakiya, waɗanda take kira masu kasala. Ba su mutu ba, amma in an ƙwanƙwasa sai sun yi nawa kafin su rufe. Waɗannan ba na kwastoma ba ne, ba kuma na shara ba. A layin nan kowa ya san mai kaya shi ke cin abin da ya fara gajiya: mai alayyafo ta tafi gida da wanda ya yi yaushi, mai tumatir ta tafi da wanda ya fashe. Haka Angela ke tsince masu kasala da yamma, ta ƙulle a leda, ta kai gida Mararaba ta tafasa su sosai tun suna da sauran numfashi. A shekarun farko abin bai wuce cikin tafin hannu ba, wani lokacin ma babu.

Sai kaya suka fara lalacewa. Buhun da a da zai kai ta har zuwan na gaba, yanzu kwana kaɗan sai wari. Ta buɗe baho da safe ta tarar da su sun saki baki, wani farin yauƙi na fita daga ciki. Ta ƙara gishiri, ta rage gishiri, ta sake baho, ta sake wurin ajiya. Babu abin da ya sauya.

Wanda ta fara sauke wa fushinta shi ne Yamusa, direban da ke kawo mata buhunan zuwa tashar Jabi. Dattijo ne mai sanyin magana, bai taɓa ɓatar mata da kaya ba. Ta tare shi a tsakiyar tasha ta wanke shi tas, ta ce kusa da injin yake cusa mata kaya suna dahuwa a hanya, ta ce ko kuma a ƙarƙashin jarkokin man dizal, ta kira shi abin da ba a kiran sa'an uba. 'Yan kamasho na dariya, bawan Allah yana ta rantsuwa. Daga ranar a kujerar gaba yake ɗora buhunta kamar fasinja, har ruwa yake yayyafa musu in ya tsaya sallah. Suka ci gaba da mutuwa abinsu.

Sai ta koma kan Lucy. Lokacin wayar hannu ta zama ruwan dare, ga katin waya da tsada, amma Angela ba ta ji ciwon ƙona shi a kan masifa ba. Ta ce tsohon kaya ake aiko mata, an raina ta don ba 'yar can ba ce. Lucy ta rantse da turancinta na kasuwa cewa ranar da ta tsinto su take ɗurawa a buhu. Ta ce ruwan nasu ne ba ya nan kamar da. Tun da aka buɗe wani wuri a sama da su, inda ake farfasa tsofaffin jiragen ruwa da baturan mota, taɓon ya sauya kala, ƙaguwa ma ta yi wuya. Angela ta ji wannan magana ta watsar. A ganinta duk wanda aka kama da laifi sai ya nemi inda zai jingina shi.

Abin da ya rage mata shi ne ta ƙara tsananta tsinta, don kada sunanta ya zube. Kwastoma ya ci gaba da samun masu ƙarfi zalla. Ledar yamma kuwa ta tashi daga cikin tafin hannu ta koma kwano guda, kullum.

A daidai wannan lokacin Linda ta dawo gida da ciki, mijinta na can wani aikin titi a nesa. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa. Duk layin masu kifi kuwa, babu wanda bai san isam na ƙara jini ba. Angela ta ga ai Allah ne ya haɗa mata: ga asara a kasuwa, ga magani a gida. Ta riƙa dafa wa Linda safe da yamma, tana tsaye a kanta har sai ta cinye, in ta ce ya ishe ta ta sha faɗa. Da aka haifi yarinyar aka sa mata suna Alheri. Da romon isam aka yaye ta. Linda ta samu aikin shara a wani otal, yarinya ta koma hannun kaka, ƙarƙashin tebur ya zama ɗakinta.

Alheri ta iya zuƙar isam tun ba ta iya tafiya sosai ba. Takan riƙe ƙoƙon da yatsu biyu, ta tsuke baki, ta ja, ka ji tsut. Matan layi na ta dariya suna cewa an haifo 'yar kudu a gidan 'yan Uke. Abin da ba sa faɗa a gaban Angela shi ne, yarinya ta shekara uku ba ta ce Mama ba. Ba ta cewa komai. In tana son abu sai ta tsuke baki ta yi wannan ƙarar, ko da babu komai a hannunta. Ga yawan ciwon ciki, ga saurin fushi. Angela ta ce ai ubanta ma an ce bai yi magana da wuri ba, duk wanda ya sake tayar da zancen kuma ya ji abin da ya fi ƙarfinsa.

Cikin kwastomominta akwai wata Safiyatu, Bakatsiniya, ma'aikaciya a ɗakin gwaje-gwajen wata hukumar gwamnati. A kudu ta yi bautar ƙasa, a can ta koyo cin isam, kuma har yau a ɓoye take dafawa, don surukarta ta ce ba za a ci tsutsa a gidan ɗanta ba. Angela kan tsokane ta da cewa Hajiya mai cin haram ɗin Katsina ta iso. Wata Asabar Safiyatu ta tarar da ita tana zubar da rabin baho a shara tana zage-zage. Ta tambaya tun yaushe ake haka, ta tambaya daga ina kayan ke zuwa. Da ta ji labarin wurin fasa batura sai ta daina murmushi. Ta roƙi a ba ta kaɗan daga masu ƙarfi, kaɗan daga masu kasala, kowanne a ledarsa.

Da ta dawo bayan wasu makonni ba ta zo da kwandon cefane ba. Ta nemi benci ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi bayanin a hankali, yadda mai sayar da isam za ta gane. Ta ce wannan 'yar halitta tana da jini kamar kowa, a cikin jinin kuma akwai wasu ƙananan 'yan gadi da ke kama ƙwayar cuta su haɗiye. Su ne garkuwar jikinta, su ne sirrin taurin ran da aka san ta da shi. To taɓo take ci, kuma in taɓon ya sha dalma da sauran ƙarafa irinta, sai su taru a jikinta ba sa fita. Ba lallai su kashe ta kai tsaye ba. 'Yan gadin suke kashe wa jiki, sai cutar da a da ba ta isa ta yi mata komai ba ta zo ta kayar da ita a hanya. Ta ce ta samu dalma a ledojin biyu, amma ta masu kasala ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Angela ta ji wani sanyi a ranta, har ta gyara ɗaurin zani. Ashe ba laifinta ba ne, ba kuma ta cuci kowa da mafi munin ba.

"To ai da sauƙi, Hajiya," in ji ta. "Masu kasala ba na sayar ma kowa. Gida nake kai shi, in tafasa shi well well."

"Mama Linda, wuta tana kashe ƙwayar cuta. Ba ta kashe ƙarfe," in ji Safiyatu. "Wa ke ci a gidan?"

Angela ta kai idonta ƙasa. A ƙarƙashin tebur Alheri na zaune a kan kwali, ta tara ƙoƙuna a gabanta, tana zuƙar na ƙarshe. Safiyatu ta bi idon Angela da kallo, ta ga abin da ta gani.

Safiyatu ce ta kai su asibitin da ake irin wannan gwajin, a motarta. Aka ɗebi jinin yarinya, aka ce akwai dalma fiye da yadda ya kamata a samu a jikin yaro. Angela ta tsare likitan da tambaya ɗaya: shi ya hana ta magana? Ya ce ba zai iya rantsewa ba. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yara, wannan sananne ne, amma akwai wasu dalilan da ke sa yaro jinkirin magana, kuma ana samun dalma a fenti da wasu abubuwan. Za ta yi magana nan gaba? Ya ce a daina ba ta isam tukuna, a ba ta magani, a sa ido. Angela ta fito tana huci. Da ya ce mata ke ce, da ta san inda za ta sa kanta. Da ya ce ba ke ba ce, da ta yi barci. Ya bar ta a tsakiya, kuma a nan ta zauna har yau.

Linda ba ta yi mata faɗa ba, wannan ya fi komai ƙona ta. Ta dai ɗauki tukunyar da ake dafa isam ta wanke, ta kife a bayan ɗaki, ba ta sake taɓa ta ba.

Mace irin Angela ba ta iya riƙe fushi a ciki, sai ta samu wanda za ta ɗora wa. Ta matsa wa Safiyatu lamba sai ta kai ta wurin ogansu. Ta je da bahonta a ka, masu gadi suka hana ta shiga da shi, ta ce to su kira 'yan sanda. A ƙarshe aka bar ta ta hau bene da leda ɗaya. Ogan mutum ne mai fara'a, ofishinsa sanyi ƙalau, har lemo ya sa aka kawo mata. Ya saurare ta da kyau, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce abin tausayi ne ƙwarai, sai dai Madam ta duba, Abuja ba ta da teku. Ruwan yana wata jiha, wurin fasa jiragen yana ƙarƙashin wata ma'aikata, abin da ake sayarwa a kasuwa kuma na wata hukuma ne daban. Ya ce za a duba yiwuwar kafa kwamiti.

"Oga, Abuja ba shi da teku, amma yana da baki," in ji Angela. Ta ajiye ledar a kan teburinsa, a kan takardunsa. "Ga shi. Ka kai ma yaranka."

Ba ta taɓa lemon ba. A kan bene Safiyatu ta ce mata ta yi iya abin da za ta iya, ta kai sakamakon gwajin inda ya kamata, an kuma ja mata kunne cewa ba a sa ta wannan aikin ba. Angela ta san gaskiya ta faɗa. Duk da haka ba ta yi mata sallama mai daɗi ba, don a ranar babu wanda ya sa takalmi mai tsabta da take iya kallo.

Ta je Jabi ta sami Yamusa ta ce kada ya sake ɗauko mata buhu. Ta tsaya tana murza bakin zani, don ba ta saba ba, sannan ta ce ya yafe mata zagin da ta yi masa. Ya ce ya yafe tun a ranar. Daga nan ta kira Lucy, da niyyar ta zazzage mata duk abin da ke cikinta. Lucy ta saurara har ta gama. Sannan ta ce nata 'ya'yan su biyar ne, isam suke ci safe da rana da dare tun da aka haife su, don kifi ya gudu, kuma in Abuja ta daina saye, to abin da ya rage su ne za su cinye shi. Ta tambayi Angela ko waccan Hajiyar ta faɗi abin da za su ci a madadinsa. Angela ta riƙe wayar a kunne har katin ya ƙare.

Ta koma tumatir, a kan teburin nan dai. Kwastomominta ba su sha wahala ba, taku kaɗan suka ƙara zuwa teburin gaba, inda wata ke sayar da isam. Daga ina nata ke zuwa, Angela ba ta sani ba, mai sayarwar ma ba ta sani ba, daga tasha take sara. Angela ta riƙa tare mutane tana gaya musu su tambaya, musamman in ta ga mai ciki ko mai goyo. Wasu su tsaya, yawanci su wuce. Shugabar matan layin ta zo ta ce mata ta rufe bakinta, tana kashe wa mutane kasuwa, don nata ya lalace ba shi ne na kowa zai lalace ba. Aka fara cewa baƙin ciki ne, daga baya aka ce Mama Linda ta ɗan taɓu. Matar da ta yi shekara da shekaru ba ta sayar wa kowa matacce ba, ita ce yau ake nunawa da baki. Can kudu kuwa ana ta fasa batura, a nan ana ta buɗe sababbin gidajen abinci, kwamiti ko labarinsa.

Alheri ce ba ta san an yi wani sauyi ba. Kullum in yamma ta yi sai ta fito daga ƙarƙashin tebur, ta kama zanin kakarta, ta tsuke baki ta yi tsut. Angela ta saya mata biskit, ta saya mata ƙosai, ta saya mata tsire, yarinya ta karɓa ta jefar. Abu ɗaya take roƙo, da hanya ɗaya tilo da take da ita ta roƙon wani abu a duniya.

Wata yamma Angela na auna wa wani tumatir, ta juyo ba ta ga yarinyar ba. Tana can teburin gaba. Mai sayar da isam ɗin na cin abincinta, ta ga yarinya ta tsaya tana kallonta tana wannan ƙarar, tausayi ya kama ta, ta tsamo guda ɗaya daga miyarta ta miƙa mata. Ba da mugunta ta yi ba. Alheri ta karɓa da yatsu biyu, fuskarta ta washe yadda ba ta washe ba tun da aka kife tukunyar nan.

Angela ba ta san lokacin da ta tsallake kwandon tumatir ba. Ta doke hannun yarinyar, isam ɗin ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ba ta taɓa dukanta ba sai ranar.

Alheri ba ta yi kuka nan take ba. Ta dubi kwatar, ta dubi hannunta, sannan ta ɗaga kai ta dubi matar da ta koya mata cin abin nan da hannunta, ta yaye ta da romonsa. Angela ta durƙusa a gabanta cikin ruwan kifi, tana jira, ko zagi ne ma ta ji daga bakin nan. Yarinyar ta tsuke baki, ta sake roƙonta.